Wanda ya bar lakkwal yana iya cin birbe da bak daga gida



A garuruwanmu akwai samari da ƴan mata masu yawa da suka fara lakkwal ba su ƙare ba. Wani ya kai kolej, mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya riƙe gona. Wani an kai shi kolej a gari mai nisa, bai samu mai masauki ba. Wata an yi mata aure tana aji na biyu na kolej. Wani ya zauna jarrabawa sau ɗaya ya faɗi, sai ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Kano ko Agadas. Da yawansu sun ɗauka cewa karatu ya wuce su har abada.

Ba haka abin yake ba. Hukuma ta bar wata ƙofa a buɗe. Mutumin da ba ya cikin kowane aji yana iya rubuta sunansa, ya zauna jarrabawar ƙasa tare da ƴan lakkwal. In ya ci, a ba shi takardarsa. Ga yadda abin yake tafiya, don ku sani, ku kuma gaya wa waɗanda abin ya shafa.

Matakala mai hawa uku

Karatun lakkwal a Nijar kamar matakala yake, mai hawa uku. A ƙarshen kowane hawa akwai jarrabawa da takardar shaida.

Hawa na farko shi ne firamare. Shekara 6 ne, daga aji CI zuwa aji CM2. A ƙarshensa ana zama jarrabawar satifika, wato CFEPD. An dakatar da wannan jarrabawa wajen shekara goma, sannan aka dawo da ita a 2024.

Hawa na biyu shi ne kolej. Shekara 4 ne. A ƙarshensa ana zama jarrabawar BEPC, wadda muke ce ma birbe.

Hawa na uku shi ne lise. Shekara 3 ne. A ƙarshensa ana zama jarrabawar bakaloreya, wadda kowa ya sani da suna bak. Bak ita ce shaidar mutum ya ƙare karatun sakandare gaba ɗaya, ita ce kuma mabuɗin jami'a.

In kun haɗa 6 da 4 da 3, shekara 13 ke nan ga yaron da bai maimaita aji ba. Wanda ya sauka a tsakiyar matakala, abin da ya koya yana nan cikin kansa, amma ba shi da takardar da za ta shaide shi. In ana neman ma'aikaci, ko ana ɗaukar ɗalibai a makarantar sana'a, takardar ake fara tambaya.

Wane ne kandida libur?

Ranar jarrabawa, mutane iri biyu ne ke shiga ɗaki. Akwai ƴan lakkwal, waɗanda direktan makarantarsu ya tura sunayensu. Akwai kuma waɗanda suka kawo kansu da kansu. Su ne ake ce ma kandida libur da Faransanci, wato ɗan takara mai zaman kansa.

Kandida libur yana iya zama manomi, ko tela, ko ɗan kabu-kabu, ko matar aure, ko soja, ko ma'aikacin da yake son ƙarin girma a wurin aikinsa. Yana iya zama ɗalibin da ya faɗi bara, ba a bar shi ya maimaita aji ba.

Tambayoyin da za a ba shi su ne za a ba ɗan lakkwal, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ba a sauƙaƙa masa, ba a kuma tsananta masa. Mushen da ke gyaran takardu ba ya ganin sunan mai takarda, don ana ɓoye sunan kafin a ba shi. Bai san ko mai rubutun ɗan shekara 16 ne ko magidanci ne mai ɗiya biyar ba. Abin da aka rubuta kawai yake dubawa. Saboda haka birbe ko bak ɗin da kandida libur ya ci, darajarsa ɗaya da ta ɗan lakkwal.

Ma'aikatar ilimi ta ƙasa ita ke shirya satifika da birbe. Bak kuwa tana hannun wani ofishi na musamman a Yamai, mai suna OBEECS.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Wannan dabara ba a Nijar kaɗai take ba. Bak ta samo asali daga Faransa, inda aka kafa ta a 1808, zamanin Napoleyon. Can ma har yau babban mutum yana iya zama jarrabawar a matsayin kandida libur.

A Amurka, lokacin yaƙin duniya na biyu, an ɗebi samari da yawa zuwa soja kafin su ƙare sakandare. Sai a 1942 aka ƙirƙiro musu wata jarrabawa mai suna GED, don wanda ya ci ya samu shaida daidai da ta sakandare, ba sai ya koma aji ya zauna da ƙannensa ba. Daga baya aka buɗe ta ga sauran jama'a. Yanzu kashi huɗu gare ta: lissafi, harshe, kimiyya da sanin zaman jama'a.

Waɗanda ke zuwa Katsina da Kano sun san abin da ake yi a Najeriya. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO suna shirya jarrabawar masu zaman kansu a wani lokaci dabam da na ƴan makaranta. Mutane suna kiran ta WAEC ɗin GCE.

Bambancin shi ne, a Amurka jarrabawar dabam take, takardarta ma dabam. A Najeriya lokacin zama dabam yake. A nan ƙasarmu kuwa ɗaki ɗaya ake shiga, takarda iri ɗaya ake fitowa da ita.

Daga wane hawa za ka kama?

Kowa ya dubi inda ya sauka, ya kama daga nan. Tsallake hawa shi ke kawo faɗuwa.

Wanda ya bar lakkwal a aji na uku ko na huɗu na kolej, birbe ya kamata ya sa a gaba. Wanda yake da birbe, ya kuma taɓa zama lise, shi ne zai nemi bak. Wanda ya tsaya a firamare, ko a ajin farko na kolej, aikinsa ya fi shekara ɗaya. Sai ya raba shi kashi-kashi, ya ba kansa shekara biyu ko uku.

To, wanda bai taɓa shiga lakkwal ba fa, sai karatun yaƙi da jahilci? Tun 1963 ake wannan karatu na manya a Nijar, ya kuma buɗe idon mutane masu yawa. Amma a faɗi gaskiya: takardar da ake ba mutum in ya ƙare karatun manya ba daidai take da birbe ba. A watan Maris na 2025 babbar dokar sake gina ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka, da Faransanci ake rubuta tambayoyin birbe da bak. Ƴan makarantun faranko-arab kuma suna haɗawa da Larabci. Ke nan mai karatun Hausa da ke son waɗannan takardu sai ya koyi Faransanci tukuna, ji da rubutu.

Wannan ba abin karya gwiwa ba ne. Wanda ya iya karanta Hausa ya riga ya san baƙaƙe, ya san riƙon bik, ya san tarawa da ɗebewa da sau da rabawa. Ya yi nisa da wanda zai fara daga a, b, c. Burinsa na farko shi ne ya kai matsayin ɗan CM2.

Ga yaro kuma ɗan shekara 8 zuwa 12 da bai shiga lakkwal ba, ko ya fita da wuri, kada a jira ya girma. Akwai ajin gada, wanda ake ce ma fasarel. A cikin wata 9 ana koya wa yaro karatu, a fara da harshensa, a bi da Faransanci, daga nan a sa shi cikin firamare ya ci gaba da tsararrakinsa. A inda ake da irin wannan aji, shi ya fi sauƙi ga yaro.

Takardu kafin kome

Mutane da dama sun yi karatu sosai, amma takarda guda ta hana su shiga ɗakin jarrabawa. Don haka a fara da takardu.

Ta farko ita ce takardar haihuwa. In ba ka da ita, ka je gidan shari'a a yi maka hukuncin da ke maye gurbinta, wanda muke ce ma jijma, sannan a rubuta shi a meri. Ka tafi da shaidu da suka san haihuwarka. Wani lokaci alƙalai suna fitowa ƙauyuka su yi wa mutane da yawa a rana ɗaya. In kun ji sanarwa, kada ku bari ta wuce ku. Jijma yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake nemansa tun kaka.

Ta biyu ita ce katin ɗan ƙasa. Ɗan lakkwal yana da katin makarantarsa. Kandida libur kuwa da katin ɗan ƙasa zai shaida cewa shi ne.

Bayan su akwai hotuna ƙanana, da takardar neman shiga jarrabawa, da kuɗin rajista. Mai neman bak ya tanadi shaidar birbensa, ya yi kopi, a buga masa hatimi a meri ko a komisariya. Wanda ke da ciwon da zai hana shi gudu da tsalle, ya nemi takardar likita, don wasan motsa jiki yana cikin jarrabawa. Duk waɗannan in an haɗa su cikin bango ɗaya, shi ne dosiye.

Ku lura da rubutun suna. Sunan da ke kan takardar haihuwa, shi ne zai kasance kan kati, kan birbe, kan dosiye, baƙi bayan baƙi. In nan an rubuta sunan uba da wani baƙi, can an rubuta da wani, ko shekarar haihuwa ta saɓa, a gyara tun da wuri. Gyaran suna bayan an ci jarrabawa wahala ce babba.

Ana buɗe rajista watanni da dama kafin jarrabawa, tun lokacin ɗari. Akwai ranar rufewa, in ta wuce sai baɗi. Kowace shekara hukuma tana fitar da sanarwa mai faɗin takardun da ake so, da sharuɗɗan, da yawan kuɗin, da ranar rufewa. Ka je da ƙafarka ofishin ilimi na gundumarka, a Agiye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ka karanta ta, ko a karanta maka. Nan za a gaya maka inda ake ajiye dosiyen birbe da inda ake ajiye na bak. Direktan kolej mafi kusa da kai ma yana iya nuna maka hanya. Duk kuɗin da ka biya, ka karɓi resi, ka adana shi.

Abin da ake tambaya

A birbe ana tambayar Faransanci, lissafi, fizik da shimi, ilimin rayayyun abubuwa da ƙasa, tarihi da labarin ƙasa, da Ingilishi, sai wasan motsa jiki.

A bak, mutum ne ke zaɓen layinsa tun ranar rajista. Layin A na harsuna ne da falsafa da tarihi. Layin C na lissafi ne da fizik. Layin D na ilimin rayayyun abubuwa ne, da lissafi, da fizik da shimi. Akwai kuma layukan fasaha, irin waɗanda ake koyarwa a lisen fasaha na Ɗan Kasawa a Maraɗi. Ka zaɓi layin da ka taɓa karantawa, ko wanda kake da mai koya maka shi. Kada ka zaɓi layi don abokinka ya zaɓe shi.

Yadda ake lissafin maki

Kowane darasi ana ba shi maki bisa 20. Amma darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Kamar a kasuwa ne: tiyar riɗi da tiyar hatsi girmansu ɗaya, kuɗinsu ba ɗaya ba. Ana ninka makin kowane darasi da nauyinsa, a tara duka, a raba da jimillar nauyin. Abin da ya fito shi ne mwayen. Wanda ya samu 10 bisa 20 ya ci.

Ga misali, don lissafi kawai. A ce darasi uku ne: lissafi mai nauyi 4, Faransanci mai nauyi 2, tarihi mai nauyi 2. Jimillar nauyi 8 ke nan. Mai son mwayen 10 sai ya tara 80.

Mutum na farko ya samu 6 a lissafi, 13 a Faransanci, 13 a tarihi. 6 sau 4, 24. 13 sau 2, 26. 13 sau 2 kuma, 26. Duka 76. In an raba da 8, tara da rabi ke nan. Bai kai ba.

Mutum na biyu ya samu 12 a lissafi, 9 a Faransanci, 9 a tarihi. 12 sau 4, 48. 9 sau 2, 18. 9 sau 2 kuma, 18. Duka 84. In an raba da 8, goma da rabi ke nan. Ya ci.

Kun gani: na farko ya fi na biyu a darasi biyu cikin uku, amma ya saki darasi mai nauyi, shi ya kayar da shi. Don haka ka tambayi nauyin kowane darasi tun ranar farko, ka ba mai nauyi lokaci mafi yawa, ko da shi ne ka fi ƙi.

Wanda ya kusa kaiwa 10 bai kai ba, ana kiransa zagaye na biyu bayan ƴan kwanaki. Kada wanda ya ƙare zagayen farko ya yi nisa da wurin jarrabawa, ko ya rufe littafi, sai ya ji sakamako.

Jarrabawar da wuya. A shekarun 2021, 2022 da 2023, cikin kowane mutum goma da suka zauna bak a Nijar, waɗanda suka ci ba su kai uku ba. Mafi yawan waɗanda suka zauna kuwa ƴan lakkwal ne masu mushe kullum. Wanda zai zo daga gida sai ya ɗaura ɗamara da kyau.

Shiri bisa kalandar manomi

Ana zama birbe da bak a wajen watan Yuni da Yuli, daidai lokacin da damana ke sauka, ana shuka, ana noman farko. Manomi ba shi da lokacin karatu a sa'an nan. Lokacinsa shi ne rani.

A watan Oktoba, ana girbin hatsi da roron wake, ana cirar gujiya, a nemi takardu. In an sayar da aya ko riɗi, a ware kuɗin rajista da na littattafai da na mota a ajiye gefe, kafin bukukuwa su cinye.

Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu wata 7 ne, wajen mako 30. Wanda ya yi karatun awa 2 kowace rana, kwana 6 a mako, zai tara awa 360 kafin damana. Awa biyu kullum ta fi yini guda cur sau ɗaya a mako. Da sannu ake cika rumbu, dami bayan dami.

Ga abubuwan da ke taimakawa:

Ka nemi tsarin karatun wannan shekara. Tsarin yana canzawa, kayen da ka rubuta shekara takwas da suka wuce ba zai ishe ka ba. Ka ari kayen ɗalibin da ke aji na ƙarshe bana, ka kwafa.

Ka nemi tambayoyin shekarun baya. Ana sayar da su a haɗe a wurin masu littattafai a Maraɗi, mushe da yawa ma suna da su. Ka zauna ka amsa su kana duban agogo, kamar ranar jarrabawa, ba tare da leƙen littafi ba.

Ka nemi mai gyara maka. Mai karatu shi kaɗai ba ya ganin kuskurensa. Ka roƙi wani mushen kolej, ko ɗan jami'a da ya zo hutu, ya riƙa duba rubutunka ko da sau ɗaya a mako. A cikin birnin Maraɗi akwai masu karatun dare don irin waɗannan ɗalibai.

Ku haɗa ƙungiya. In ku uku ne ko huɗu a Caduwa, ko Gangara, ko Cadakori, ko Saye Sabuwa, ku samu allo da fitilar sola, ku tsayar da lokaci. Wanda ya fi iya lissafi ya koya wa saura, wanda ya fi iya Faransanci ya yi musu shifta. In ɗaya ya yi sanyi, sauran su tashe shi.

Ka riƙa rubutu da Faransanci kowace rana, ko da layi goma ne. Ka saurari labarai da Faransanci a rediyo. Mutane da yawa sun san amsa a ransu, amma hannu ya manta rubutu, lokaci ya ƙare ba su gama ba.

Wanda ya saba tafiya cin rani ya yi shawara da kansa tun kaka. Mai tafiya ba ya nan ranar rajista, ba ya kuma samun natsuwar karatu. Ko ya bar tafiyar bana, ko ya bar jarrabawar sai baɗi.

Maganar mata

Aure ba ya hana mace zama jarrabawa. Haihuwa ma ba ta hanawa. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Amma waɗanda suka riga suka fita suna da yawa a gidajenmu, wasunsu kuma su ne na gaba a ajinsu lokacin da aka cire su.

Abin da ke hana mace shi ne rashin lokaci: ɗiban ruwa, daka, itace, girki, reno. Maigida da uwar miji da abokiyar zama su ne za su iya ba ta awa biyun nan. Maigida, in matarka ta kai aji na ƙarshe na kolej, ka bar ta ta gwada. Kowa yana son in matarsa ta je awo ko haihuwa ta tarar da mace ƴar uwarta a gidan likita. Kowa yana son ɗiyarsa ta samu malama mace a lakkwal. Waɗannan mata daga cikin masu birbe da bak ake ɗibarsu.

Ranar jarrabawa

Kafin ranar, ka karɓi takardar kira, ka duba lambarka da wurin da za ka zauna. Wuraren zama birbe suna da yawa, na bak ba su kai su yawa ba, yana yiwuwa a tura ka wani gari. Jarrabawar kwanaki take ɗauka. Ka nemi masauki tun da wuri, ka yi guzuri, ka bar wanda zai kula maka da gona in ruwa ya sauka kana can.

Ka isa garin tun ana gobe, ka je ka ga ɗakin da idonka. Da safe ka fito da wuri da katinka, da takardar kira, da bik biyu, da fensir, da abin ja layi. Wanda ya makara ana iya hana shi shiga. Salula ba ta shiga ɗakin jarrabawa. Ka bar ta a masauki.

In an raba tambayoyi, ka karanta duka kafin ka fara. Ka fara da wadda ka fi sani. Ka yi rubutu mai kyau da za a iya karantawa. Kada ka ƙi zuwa wani darasi don kana jin tsoronsa. Maki 4 ko 5 sun fi babu.

Hattara da macuta

Duk shekara, in jarrabawa ta gabato, macuta suna fitowa. Wani ya ce yana da tambayoyin bana a salularsa, a biya shi. Wani ya ce ya san mai gyara. Wani ya ce a ba shi jika kaza ya kawo takardar birbe ko bak ba tare da an zauna ba. Wani ya ce zai shiga ya rubuta a madadinka.

Kada ku sayar da akuya ko rago don wannan. Wanda aka kama da satar amsa ana soke jarrabawarsa, ana iya hana shi sake zama na wasu shekaru, har a kai shi gaban shari'a. Takardar jabu kuma ba ta da rijista. Sunan duk wanda ya ci yana rubuce a ofishin da ya shirya jarrabawar, kuma ana iya dubawa ranar da mutum ya kai takardarsa neman aiki ko shiga makaranta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A rasa kuɗi, a rasa aiki, a rasa mutunci.

In an faɗi, in an ci

Wanda ya faɗi ya je ya karɓi takardar makinsa. Ita za ta nuna masa darasin da ya kayar da shi. Baɗi ya san inda zai sa ƙarfi. Akwai mutane da yawa da sai a zama na biyu ko na uku suka ci.

Wanda ya ci birbe yana iya ci gaba da neman bak, ko ya nemi shiga makarantun sana'a da na aikin likita da ke karɓar masu birbe, ko ya shiga gasar ɗaukar ma'aikata da ake neman wannan takarda. Wanda ya ci bak, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo nan a Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, inda ake koyar da aikin gona da kula da muhalli, da kimiyya, da aikin likita. Ga makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo, ita ma a Maraɗi. Ga Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, da Jami'ar Musulunci a Sayi.

Takarda ba alkawarin albashi ba ce. Akwai masu bak da ke zaune ba aiki, kowa ya san su. Wasu gasa da wasu makarantu kuma suna da iyakar shekaru, don haka mai niyya kada ya yi ta jinkiri. Amma mai takarda yana iya shiga layin nema, marar takarda ko layin ba a barinsa ya shiga. Ko wanda ya zaɓi ya zauna a gonarsa bai yi hasara ba. Ƙungiyar manoma tana bukatar magatakarda mai iya rubuta wasiƙa da riƙe lissafi. Bankin cimaka yana bukatar mai ajiya. Gari yana bukatar mai karanta takardar gona da takardar bashi kafin a sa hannu. Yara kuma suna bukatar wanda zai duba musu kaye da dare.

Ku da kuka karanta wannan, ku karanta wa waɗanda ba su nan. A kowane gari ku lissafa samari da ƴan matan da suka kai kolej ko lise suka dawo gida. Ku tambaye su ko suna da takardar haihuwa. Wanda ba shi da ita, a raka shi gidan shari'a a wannan kaka. Wanda yake da ita, ya je ofishin ilimi ya ji ranar buɗe rajista. Allah ya ba mai rabo sa'a.